Saje Ɗalha, Baƙon da Ba Ya Sallamar Ɗan Rakiya

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na wannan shekara ta 2002, watan Babbar Sallah na dab da mutuwa, Allah ya karɓi ran Saje Ɗalha na Ƙofar Ɗan Agundi, bayan jinyar kwana huɗu. Ina ofis ina sa hannu a rajistar malamai aka zo mini da labarin. Na ce na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na sake faɗa. Sai na tsinci kaina ina kallon agogon bango, ban san dalili ba. Daga baya na gane la'asar nake lissafi, ina tambayar kaina wa zai yi mini sallama yau.

Saje, kwana goma sha ɗaya ke nan. Tsofaffin abokan aikinka na soja sun faɗi nasu a wurin zaman makoki, limamin unguwarku ma ya faɗi nasa, kuma duk gaskiya suka faɗa. Nawa ƙarami ne, ga shi da kunya, domin sai na tona asirin kaina kafin ya faɗu. Amma in na rufa wa kaina asiri, alherinka zai tafi a rufe, ni kuwa ba zan yarda da haka ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Malam Ashafa, hedimastan wata firamare a cikin birni, gidana na unguwar Ƙofar Na'isa. Wanda ya san ni shekara uku baya ya san sai da kafinta ya cire wa kujerar ofishina hannuwa kafin ta ɗauke ni. Mutane suna ganina suna cewa Malam ya ji daɗi, hutu ya karɓe shi. Ba su san abin da nake ciki ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Tani mai alkaki. Kullum ana idar da sallar la'asar take ɗora kasko, ƙamshin alkama da mai da zuma ya tsallako katangar ya same ni inda nake zaune. Ba yunwa ba ce, don a lokacin ko shinkafar rana ba ta gama sauka ba. Wani abu ne daban. Yawu ya tsinke, hannu ya kasa zama wuri ɗaya, in ana yi mini magana sai in ga baki na motsi ba na jin komai. Sai na ci biyar, wani lokaci takwas, a tsaye a soron Tani, ina waige kamar ɓarawo. In na gama kuma in tsani kaina har gari ya waye. A makaranta ma, alewa da tuwon madarar da nake ƙwacewa a hannun yara cikin aji, a aljihun teburina suke ƙarewa. Na faɗa yau, Allah ya yafe mini, yaran ma su yafe.

Ciwon suga ne ya ci ƙafar yayana Sabo, daga baya ya ɗauke shi gaba ɗaya. Da wani ɗan rauni ya fito mini a babban yatsa ya yi wata biyu bai warke ba, likita ya dube ni ya ce, “Malam, in ka ci gaba a haka, ƙafar nan ba taka ba ce.” Na fito ina rantsuwa. Rantsuwar ta kwana huɗu. Ni da nake kai azumin wata guda ba gardama, na kasa haƙurin rabin awa da ƙamshin kasko.

A haka ka same ni. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kai ma ka ajiye kakinka ka dawo gida, bayan shekara talatin kana koya wa kurata motsa jiki. Tun muna aji uku ban sake zama da kai ba. Wata la'asar ta watan Yuni sai ga sallamarka, siriri kamar sillen kara, gashi ya yi fari fat. Muka gaisa, ka sha ruwa, ko tabarma ba ka ɗumama ba ka miƙe. A daidai lokacin Tani ta zuba mai a kasko, hankalina ya riga ya tsallaka katanga.

“Taka mini, Malam,” ka ce.

Kowa ya san ƙa'idar rakiya a garin nan. Mai gida ba ya juyawa sai baƙo ya tsaya ya ce masa ya koma haka, ya gode. Yawanci bakin lungu ne. Muka kai bakin lungu kana ba ni labarin wani kofur da ya yi barci a tsaye a fareti. Muka wuce masallaci, muka wuce masu faci, muka fita Ƙofar Na'isa. Ina haki, gumi ya jiƙa mini riga har zuwa mazagin wando, ina satar kallon bakinka ko kalmar za ta fito. Ba ta fito ba sai da muka hango Ɗan Agundi. Wallahi ranar na zage ka a zuci, na ce duk ƙasa ta fita daga mulkin soja ban da ni.

Da na dawo gida, ƙamshin yana nan bai je ko'ina ba. Amma ya zama ƙamshi kawai. Na zauna a bakin rijiya ina jin sa kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Na sha ruwa moɗa biyu, da aka kawo tuwo na ci malmala ɗaya na ture. Ban ba abin muhimmanci ba, na ɗauka gajiya ce.

Washegari ka dawo. Jibi ma haka. Sai da aka yi kusan kwana arba'in kafin hedimasta guda, mai koya wa yara lissafi, ya lura cewa sallamarka da kaskon Tani tare suke sauka. Na tsaya a tsakiyar hanya na ce, “Saje, wai horo kake ba ni?” Ka yi dariya har da riƙe ciki. A nan na ji cewa matata Binta ce ta je wurin matarka Hajiya Zaituna da kuka, ta ce tana tsoron a yanke wa mijinta ƙafa. A nan kuma ka gaya mini naka. Ka ce a bariki kwalin taba biyu kake sha a rana, kuma ba wa'azi ne ya raba ka da ita ba, ba kuma tsoron likita ba.

“In ta motsa mini, sai in sa takalmi in zaga fili,” ka ce. “Abin nan ba ya daɗewa, Malam. Zuwa yake da ƙarfi, ya yi minti sha biyar ko ashirin, ya sake ka. In kana zaune, kafin ya sake ka ya riga ya kai ka soron Tani. In kana tafe, sai ka ga ya riga ka gajiya.”

Na ce to me ya hana ka gaya mini tun farko? Ka ce da ka gaya mini, da na yarda na fito? Ka san mu. Babban mutum mai Vespa, a gan shi yana yawo a ƙafa ba inda za shi, sai a ce ko an sallame shi daga aiki ko kansa ya taɓu. Har an fara raɗe-raɗin cewa sabuwar gwamnati ta sauke ni. Amma duk wanda ya tare ni ya ce Malam ina zuwa haka, sai in ce baƙo nake rakawa, sai ya ce madalla. Ka ceci ƙafata ba ka taɓa mutuncina ba.

Ban zama waliyyi ba, kai ma shaida ne. Akwai lokacin da na shiga ganin tunda na sha wahala na cancanci lada, sai in ratse wurin Gwadabe mai tsire a hanyar dawowa. Yajin da ya ɓata mini gaban riga ne ya tona ni. Ba ka yi faɗa ba. Da muka kai ƙofar gidanka sai ka ce ai bai kamata babban malami ya koma shi kaɗai ba, bari ka taka mini. Ka rako ni har Na'isa, muka wuce ta gaban Gwadabe ka yi masa barka da kasuwa da ƙarfi. Da muka iso na ce to ai yanzu kai ne baƙo, dole in taka maka. Mutanen bakin titi suka yi ta dariya, manyan dattawa biyu suna raka juna ba iyaka.

Da ƙafafuna suka yi ƙwari muka koma hawa badala inda take hawuwa. Ita ce nake gani yanzu in na rufe ido. Rana ta yi sanyi ta koma ja, ƙasar ganuwa tana sakin ɗumin da ta sha tun safe. Balbelu suna dawowa layi-layi su sauka a bishiyoyin bakin kududdufi, hayaƙin girki yana tashi daga gidaje a hankali kamar ba ya son tafiya. Daga can sama birnin kan yi shiru, sai kukan akuya da amon turmi daga nesa. Wani lokaci sai in ji kamar ba ni nake ɗauke da jikin nan ba, kamar mun koma yara 'yan aji uku da suka gudo daga makaranta, ba suga, ba likita, ba wanda ya mutu tukuna. Kana gaba, hannu goye a baya, ba ka waige. Ni ina bin sawunka, ina jin numfashina yana daidaita da kansa.

Kafin shekara mu masu rakiyarka mun kai bakwai, duk manyan tumbi, har da wani dillalin gidaje da wani mai sayar da yadi. Ban rame ba, kada wani ya karanta wannan ya zo neman siririn hedimasta. Amma raunin ya warke bai dawo ba. Ina yin sujada in tashi ba tare da dafa bango ba. Alewar yara kuma na koma mayar musu da ita in an tashi.

Bayan Sallar layyar nan, lokacin da kowane gida ke ƙamshin soyayyen nama, ka zo kamar kullum. Muna kaiwa bakin lungu ka tsaya, ka dafa katanga, ka ce, “Koma haka nan, Malam, na gode.” Shekara uku ban taɓa jin ta a wurin ba. Ni kuwa sakarai, murna na yi. Na koma gida ina cewa yau Saje ya ji tausayina. Ban dubi fuskarka ba. Wannan abu yana ci mini rai, kuma zai daɗe yana ci.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Kwana ukun zaman makoki jama'a suka riƙe ni. Rana ta huɗu na dawo daga masallaci na zauna, ƙofa shiru. 'Yan rakiya ba wanda ya fito, don ba wanda za a raka. Tani ta ɗora kasko. Na yi salati, na yi istigfari, na tashi na zauna, sannan na tsinci kaina a soronta. Uku na ci, Saje. Ina ci hawaye na zuba a kai, ko zaƙinsu ban ji ba. Na shiga gida na cire takalmi na zura wa babban yatsana ido, na tuna da Sabo.

Binta ta ga zuma a gemuna. Washegari ana sallame la'asar na same ta a tsakar gida da mayafi a kafaɗa da kwanon fura a hannu. Binta da ko gidan biki sai an ɗauko mata mota.

“Malam, Hajiya Zaituna takaba take, ba ta fita,” ta ce. “Zan riƙa leƙa ta kullum har ta gama. Ƙafata ba ta san hanya ba. Taka mini.”

Ƙarya take, ta san hanya sarai. Na buɗe baki zan ce ina aka taɓa ganin dattijo yana jerawa da matarsa a titi, sai na rufe. Na sa takalmi. Tana gaba da taku goma, ina baya, mu biyu muna haki. Gwadabe ya ɗago kai ya gan mu, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da juya namansa. Yau kwana shida muna zuwa. Tana shiga ciki, ni in zauna a dakalinka in jira. Wata huɗu da kwana goma Binta ta sama mini. Abin da zai biyo baya ban sani ba, kuma ba zan yi maka alkawarin da na sha yi wa likita ba. Ina tsoro, amma ina fita.

Ya Allah, bawanka Ɗalha ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Duk takun da ya yi tsakanin Ɗan Agundi da Na'isa don wani ba don kansa ba, ka sa masa shi a mizani. Ka sada shi da Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ka shayar da shi daga tafkinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zaituna, da 'ya'yansa Zaharaddeen da Sumayya, da 'yan'uwansa, da jama'ar Ƙofar Ɗan Agundi baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a bayansa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Wanda kuma ya karanta wannan ya yi wa Saje addu'a, ina roƙon ya ƙara da ɗaya ƙarama saboda ni: Allah ya kai ni kabarina da ƙafafuna biyu. Amin.