Malama Rabi, Wadda Ta Kai Lekkol Cikin Garake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin shagona na gyaran waya a kasuwar Tamanrasset sai Salisu, babban ɗan Malama Rabi, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Kawu Isa, Inna ta cika ɗazu da hantsi." Na ajiye abin da ke hannuna, na ja ƙofa, na bi shi unguwar Gataa El Oued. Kafin mu isa, mutanenmu magina sun sauko daga kan gini, mata sun cika tsakar gida.

Marigayiya ƴar Maradi ce. Ta koyar a lekkol, wato makarantar boko, can gida, sannan ta biyo mijinta, ɗan kasuwa, zuwa nan. Bayan rasuwarsa ta zauna tana sayar da kuka da yaji ga matan unguwa.

Sanina da ita ya fara ne ranar da ta kawo mini wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ta ce, "Ba gyara ya kawo ni ba, ɗana. So nake ka sa muryata a ciki." Na tambaye ta wa za ta aika wa. Ta ce ƴaƴan mutanenmu masu aikin garka a ƙauyen Outoul sun girma ba su san harafi ko ɗaya ba, lekkol ta yi musu nisa, wasu kuma ba su da takardun shiga. Na ce mata a garaken nan rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zama. Ta ce, "Wa ya yi maka zancen rezo? Katin da ke ɗaukar waƙa ai zai ɗauki karatu."

Haka muka fara. Tana rubutu da alli a kan allo, ina ɗaukar bidiyon hannunta da muryarta, in zuba a katin waya, direbobin kayan garka su tafi da shi. Ƴan kasuwa suka sayi ƙaramin faifan hasken rana don cika batir. Sannu a hankali katunan suka kai har Tazrouk, cikin duwatsu.

Idan ta faɗi harafi, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Wata rana na yanke shirun don darasin ya taƙaita. Da ta saurara ta ce, "Mayar da shi yadda yake. Wannan shirun ba nawa ba ne, na yara ne. A nan suke amsawa." Ba ta taɓa ganin yawancinsu ba, amma ta san sunayensu, domin su ma suna ɗaukar karatunsu su aiko mata. Takan ce, "Yaron da aka kira da sunansa ba ya gudun allo."

An taɓa samun cikas. Agali, wani mai garka a Tazrouk, mutumin Agadas, ya ƙwace wayar da yaran ke karatu da ita ya ɓoye, saboda ƴarsa Tima ta shagala da sauraro har awaki suka yi ɓarna a garkar maƙwabci. Malama ta hau motar kayan garka, ga ciwon gwiwa, ga hanya duk tsakuwa, na raka ta. Na zaci za ta yi masa wa'azi. Sai ta ce, "Malam Agali, kai ke da gaskiya, akuya ba ta jiran a gama karatu. Ka riƙe wayar a aljihunka. In awaki sun shiga turke, kai za ka kunna musu, kai za ka kashe." Ya dama shayi, sannan ya ce, "To, Malama, na ji." Tun daga ranar bai fasa ba.

Da ciwon maƙogwaro ya kama ta, muryar ta dushe, amma ta ci gaba da rubutu ina ɗauka. Zuwana na ƙarshe asibiti na kunna mata karatun yaran. Ta lumshe ido tana ji, da ƙyar ta ce, "Ka faɗa wa Tima ta rage sauri. Ta iya."

Bayan addu'ar bakwai na tafi Tazrouk na kai labari da bakina. Agali ya tara yaran, muka yi mata Fatiha. Wani ƙaramin cikinsu ya tambaya ko muryar da ke cikin waya ma za ta ƙare. Agali ya dafa kansa ya ce, "Ba za ta ƙare ba. Duk harafin da ka karanta, ladansa zai same ta a inda take kwance."

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rabi, ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka sa karatun yaran nan ya zame mata sadakar da ba ta yankewa. Ka ba Salisu da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu a ƙasar da suke baƙunta. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.