Sukari a Gwangwanin Maɓallai

Bayan an cire mini haƙori na biyu, na yi wa matata alkawarin daina tsotsar sukari. Ban cika ba. A shagona na ɗinki da ke Wunti, nakan ɓoye 'yan ƙwayoyi cikin gwangwanin maɓallai. Wata rana ta kawo mini abinci, ta ga kiyashi sun yi layi zuwa gwangwanin. Ta buɗe, ta dube ni.

"Maigida, ashe maɓallanka ma zaƙi gare su?"

Ta zubar da sukarin, washegari ta dawo da jiƙaƙƙiyar aya. Zaƙinta kaɗan ne, amma ya ishe ni. Ita nake taunawa har yau, da haƙoran da suka rage mini.