Ɗakina Mai Taya Ya Ƙi Wuce Zaure

Jama'a, yau da hannuna na rushe katangar gida!

Tsohuwar tirelar da muke kwaso shinkafa da ita na sa Sale mai walda ya ɗora wa ɗakin kwano a tsakar gida, in riƙa kwana a fadama ina korar tsuntsayen jan-baki kafin su cinye gonata. Yau aka gama. Muka turo ta, ashe da ɗakin a kanta ta fi ƙofar zaure faɗi!

Sale ya ce, "Hajiya, sai dai a yanka ta."

Maigida ya ce, "Zauren mahaifina ba mai taɓa shi."

Na ce, "Malam, katangar baya fa ni na gina."

Na ɗauki diga. Yanzu haka ina fadama, tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba. Malam kuwa yana can yana korar awakin maƙwabta da ke shigowa ta inda na rushe!