Yadda Inna ta raba Hafsatu da fida

Jama'a, ku ji abin da surukata ta yi yau!

Sati uku nike fama da ɗiyata Hafsatu ta bar fida, kwalbar nan ta tsotson jarirai, don a asibiti an ce haƙoranta sun fara lalacewa. Na sayo kofin yara mai murfi da ɗan baki a kasuwar Goronyo. Kullum na miƙa mata sai ta yi jifa da shi.

Da hantsi surukar tawa, Inna, ta iso daga Marnona, ta iske mu muna kuka mu biyu. Ta ce, "Mi ya faru?" Na faɗa mata.

Ko kallon yarinyar ba ta yi ba. Ta zuba kunu a kofin, ta juya mata baya, ta kama tsotsa. Tsohuwa mai jikoki goma sha biyu!

Hafsatu ta yi tsit. Ta rarrafo, ta ja mata zane. Inna ta ce, "A'a, wanga nawa na." Sau biyu tana hana ta. A na uku yarinyar ta fizge kofin, ta shanye tas.

Na ce, "Inna, ina kika koyo wannan?"

Ta ce, "Wurin ubanta. Shi ma sai an hana shi abu yake son shi. Zubo min sauran a kwano, muƙamuƙina ya gaji."