Siminti a Tsakar Gidan 'Yardada

Duk unguwar Sheshe babu mai daɓe kamar 'Yardada. Shekara ashirin muna aikin tare, ni da ita, kuma ban taɓa ganin daɓenta ya tsage ba. Ga hannu, ga faɗa. In madaɓinki ya kauce, sai ta fasa waƙa ta tambaye ki ko da ƙafa kika koya.

Ɗa ɗaya ne ya tsaya mata, Isyaku, akawu a wani kamfanin gyaɗa. Kafin shi ta haifi uku, babu wanda ya kai suna. Can gefen tsakar gida, kusa da ɗakinta, aka binne su. Tsofaffin unguwa sun sani, amma ba zance ba ne da ake yi, ita kuwa kunya ba ta bar ta ta gaya wa ɗanta ba. Wurin ya ɗan lotsa. Duk shekara ita kaɗai take shafe shi da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa da muke ƙarfafa daɓe da shi, ba ta ko neman hannuna.

A 1956 Isyaku ya ƙudura sai ya zuba siminti a gidan. Don ya shawo kanta, ya kwashe mu zuwa bayan Ƙofar Nassarawa mu ga wani sabon gida da aka gina wa Bature, bai ma tare ba. Maigadi ya buɗe mana.

Ni dai na saki baki. Taga har ƙasa, famfo a cikin ɗaki, bango sumul. Isyaku sai zuba yake kamar shi ya gina.

"Inna, dubi nan. Ba ƙura, ba gara, ba gyara duk shekara."

'Yardada ta tuɓe takalmi ta taka. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa ƙasan da 'yan yatsu, ta kara kunne. Ɗakin fayau, sai ƙarar ta dawo mana ta baya, har na waiwaya.

"Wannan abin," in ji ta, "in an zuba, na ƙarƙashi yana jin na sama?"

Isyaku ya yi dariya. "Inna ke nan. Wa ke ƙarƙashi in ba gara ba?"

Na dube ta. Na ce yanzu za ta faɗa. Ta buɗe baki, sai ta gyara mayafi kawai ta ce, "Yi abin da ka ga ya fi." Har yau ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, don ni ma da bakina.

Aka zo tsakar gidan 'Yardada aka cike wurin da ya lotsa, aka daidaita, aka shafe da siminti. Mata suka yi ta shigowa kallo, suna sa wa Isyaku albarka.

Kwana uku da bushewa na shiga da hantsi, na tarar da ita tsaye da buta. Tana zuba ruwa kaɗan kaɗan, tana bin sa da ido ko zai kwanta a wani wuri. Ruwan ya miƙe sambal ya fice ta magudana. Ta matsa gaba ta sake zubawa.

"Dije," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "ke kin tuna? Daga bakin ƙofar ɗakina zuwa wurin nan taku huɗu ne, ko biyar?"

Na ce huɗu. Ban sani ba.