Kumfar da Inna ta Adana

Duk Ƙofar Guga cewa ake yi karatu ne ya taɓa kan yayana. Ƙarya ne. Lafiyarsa lau, aikin gama makaranta yake yi, kuma idan bai kai wa malaminsa ƙarfe ba, zai maimaita shekara.

Jajayen duwatsu ya kwaso, wai akwai ƙarfe a ciki amma yashi ya fi yawa. Ni na daka su a turmin Inna. Ya zuba garin a bahon wankina, ya sa ruwa da koko da wani magani mai wari, ya ce in riƙa hura iska da famfon keke. Yashin zai manne wa kumfa ya taso, ƙarfen ya kwanta a ƙasa. Na hura har kafaɗata ta sage. Kumfa kuwa ta taso.

Da aka kira la'asar ya tafi masallaci, ni na shiga wanka da bokiti. Inna ta ga aiki a yashe. Ita a wurinta, tun da ta fara regaye gero, abin da ya kwanta a ƙasa tsakuwa ne. Ta kwashe kumfar tsaf ta rufe a kwanon silba, ta sheƙar da laka a kwata.

Yaya ya dawo ya dafe kai.

"Mi na yi kuma?" in ji Inna. "Ga abinka nan, ko ƙuda bai taɓa ba."

Ban iya sake dakan dutse. Na ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyon Baba, na ɗaure zani, na nufi kwata.