Buzun da Na Ajiye Shekara Biyu

A shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, bayan an gama cirar gyaɗa, na ɗaure fatuna zan bar Damagaram kamar yadda na saba kowane rani. Ni majemi ne, ɗan majemi. Idan na tara jemammun fatu sai in tsallaka ƙasar Ingilishi in sayar.

Mutanenmu duk Kano suke nufa. Ni na je sau biyu na haƙura, don gari ne da za ka yi wata a ciki ba wanda ya san ka zo. Garuruwan da nake so uku ne, waɗanda ba su kai Kano ba amma sun wuce ƙauye. Daura, saboda kusa take, kuma furarta ta yi mini. Haɗeja, saboda kogi da ɗanyen kifi. Amma Nguru ta fi su duka a raina. Nan hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. Da hantsi ka ji kukansa, kasuwa ta cika, kafin la'asar gari ya koma shiru, ka zaga shi da ƙafa kana gaisawa da mutanen da suka san sunan ubanka.

A kowane gari ina da mai masauki, kuma a kowane masauki na bar buta da tabarma a rataye. Haka ake yi. Muddin butarka na rataye, ɗakin naka ne ko ka shekara ba ka zo ba. Mai masaukina na Nguru wani dattijo ne Babarbare mai sayar da busasshen kifi. Shekara tara ina sauka wurinsa. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Damagaram.

A wannan shekarar ɗan gwaggona ya matsa sai na tafi da shi. Taubashina ne, tare muka koyi jima, kuma uwarsa ce ta raine ni bayan tawa ta rasu. Kullum yana tsokanata wai ina ɓoye garuruwa kamar tsohuwa da daddawarta. Gwaggo ta sa baki, na yarda. Fatunsa kaɗan ne, sai ya zuba su cikin ƙunshina don kada ƴan duwan, wato kwastan, su kwance mu sau biyu a kan iyaka.

Da muka sauka ya zaro wani buzu fari tas, ya miƙa wa Baba ya ce tsarabarmu ce mu biyu. Na ji daɗi, na ce yaro ya san girma. Baba ya yi kwana ashirin yana salla a kai.

Ran nan wani mahauci, abokin Baba, ya zo hira. Ya ɗauki buzun zai matsar, sai ya juya bayansa ya tsaya yana kallo. Ya nuna wa Baba jijiyoyin da suka yi baƙi inda jini ya kwanta, ya nuna masa wuya, babu alamar yanka. Fatar mushe ce. Daga baya na ji tumaki sun mutu a wani ƙauye wajen Takieta, an yi ta ba da fatunsu kusan kyauta.

Baba ya kira mu zaure. Kafin in buɗe baki taubashina ya fashe da kuka.

"Baba, ni ɗan rakiya ne. Daga ƙunshin Yaya na zaro shi, kowa ya gani."

Na rantse, shi ma ya rantse. Amma ƙunshin nawa ne, kuma ni na kawo shi gidan. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce salla ɗari zai rama da tsufansa. Ya shiga ya sauko da butata da tabarmata ya ajiye a ƙofar gida, ya ɗora buzun a kai.

"Ɗan Damagaram, sauka lafiya."

Taubashina ya rako ni har tasha yana share hawaye. Da na hau kamyo, babbar motar kaya, ya matso ya ce a hankali, in gaishe masa da Gwaggo, kuma kada in damu, zai riƙe mini ɗakin. Yana murmushi ya faɗa.

Masu masauki suna jin labarin juna ta bakin fatake. Da na isa Haɗeja aka ce ɗakin yana da baƙo. A Daura ko ruwa ba a kawo mini ba. Na dawo gida da rabin fatuna, na jefa buzun a bayan rumbu, ban gaya wa kowa komai ba. Da Gwaggo ta tambaya na ce zazzaɓi ya koro ni.

Sai da damina ta faɗi na ɗauko buzun zan ƙona. Na juya bayansa a cikin haske, na ga abin da fushi ya hana ni gani a Nguru. Kowane majemi yana barin sawun wuƙarsa idan yana kankare fata. Nawa daga dama yake gangarowa. Na jikin buzun daga hagu yake. A majemarmu duka bahago ɗaya ne, taubashina.

Na naɗe shi na sa a tukunya na rufe. Da na so, a ranar zan kai wa dattawan majema. Amma ban so a yanke masa hukunci yana can yana cin kifin Baba ba. Na so in ga idonsa. Rani biyu ban fita ko'ina ba. Ina jima, ina zuwa Mirriya ran kasuwa, ina gaida Gwaggo kowace Juma'a, tana ba ni labarin yadda ɗanta ya yi ƙiba a Nguru.

Ya dawo a shekarar da aka sauke tutar Faransa. Ya zo da babbar riga da agogo, yana neman fatu masu yawa. Ya shigo majema da hantsi, dattawa na zaune gindin bagaruwa. Da ya hango ni ya ɗaga murya ya ce, taubashi, har yanzu zazzaɓin bai sake ka ba? Aka yi dariya, ni ma na yi. Na bari ya gaisa da kowa ya zauna, aka ba shi ruwa. Sannan na je gida na ɗauko tukunyar.

Na shimfiɗa buzun a kife gaban babban dattijonmu, wanda ya koya mana aikin mu biyu. Na ce ina so ya duba mini abu biyu, yankakkiya ce ko mushe, kuma hannun wa. Ya bi fatar da babban yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba, har ta zaga mutum bakwai. Sai a lokacin na ba da labarin Nguru daga farko. Taubashina ya fara rantsuwa, dattijon ya tsayar da shi.

"Miƙo hannunka na hagu. Ni na yi ta dukansa ya ƙi sauyawa, yau za ka ce ban san sawunsa ba?"

Aka ce kada a ƙara sayar masa da fata, kuma kada ya ƙara jiƙa ko ɗaya a majemar. Ya tashi ya bar takalminsa. Ban bi shi da kallo ba, don na riga na ga abin da na jira.

Dattijon ya sa aka rubuta takarda zuwa ga Baba. Lokacin ban iya karatu ba, sai yanzu da furfura nake koyo. Na ɗauke ta a cikin hula har Nguru. Na tarar Baba ya rasu tun damina. Ƴaƴansa suka karɓa suka yi godiya, amma ɗakina an cika shi da kifi.

Mutane sun ce in yafe, jini ɗaya ne. Ban yafe ba. An ce yana dako a Kano yanzu, inda ba wanda ya san ya zo, kuma hakan ya yi mini daidai.

Abin da na rasa shi ne masauki uku, buta biyu da tabarma biyu da suka rage a Haɗeja da Daura, rani biyu, dattijo ɗaya da ya mutu yana zaton ni na cuce shi, da Gwaggo, wadda ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta rasu.